Layukan Jagora da Layukan Iyaka a Jadawalin Word: Wanne Ake Buƙata, Kuma a Wane Aiki?

Duk wanda ya saba shirya takardu a kwamfuta, ma'aikacin ofis ne ko mai shagon buga takardu ko ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu, yana cin karo da layuka iri biyu a jikin jadawali, waɗanda suke kama da juna a ido alhali aikinsu ya sha bamban. Iri na farko su ne layukan jagora, waɗanda manhajar Microsoft Word take kira gridlines, wato siraran layukan nan marasa duhu masu yanke-yanke da suke nuna wa mai rubutu inda kowane gurbi ya fara da inda ya ƙare. Iri na biyu su ne layukan iyaka, waɗanda take kira borders, kuma su ne ainihin zanen da firinta za ta fitar, mai karatu ya gani a takardar da ke hannunsa. Yawancin koke-koken da ake yi game da jadawali, kamar a ce layuka suna nan a fuskar kwamfuta amma ba su fito a takarda ba, ko a ce an cire layi amma har yanzu ana hango shi, daga rashin bambance waɗannan biyun suke tasowa.

Tushen bambancin shi ne inda kowanne yake zaune. Layin iyaka yana cikin takardar kanta. Idan aka adana fayil, ana adana launinsa da kaurinsa da irin zanensa tare da rubutun, kuma a fayil ɗin docx, wato irin fayil ɗin da Word take adanawa, akwai wuri na musamman da ake rubuta bayanin layin sama da na ƙasa da na hagu da na dama, da kuma na layukan ciki na kwance da na tsaye, kowanne daban. Saboda haka duk inda takardar ta je, ta imel ne ko ta WhatsApp ko a filasha, layukan iyaka suna biye da ita. Layin jagora kuwa ba ya cikin takardar ko kaɗan. Saiti ne na manhajar da ke kan kwamfutar mai rubutu, wadda take duba ginin jadawalin ta zana masa alama domin ya ga abin da yake yi. Misalinsa kamar alamar allin da tela yake yi a jikin yadi ne kafin ya yanka, wadda amfaninta na telan ne shi kaɗai, shi kuwa layin iyaka shi ne aikin zaren da mai riga zai saka ya fita da shi.

Daga wannan tushe abubuwa da dama suke biyowa. Idan aka kunna layukan jagora a Word, ba jadawalin da ake ciki kaɗai suke shafa ba, suna bayyana ne a duk jadawalin da ke cikin takardar da ma sauran takardun da za a buɗe a wannan kwamfutar, har sai an kashe su. Ba a iya kunna su ga gurbi ɗaya a bar na kusa da shi, kuma Word ba ta ba da hanyar sauya musu launi ko kauri ba. Idan aka aika takardar ga wani, abin da zai gani ya dogara ne ga saitin tasa manhajar, ta yadda sakatare zai iya cewa ga layuka nan yana kallonsu, shugabansa kuma a ofishin da ke kusa ya ce shi bai ga komai ba, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Mafi muhimmanci shi ne babu wani maɓalli a Word da zai sa layukan jagora na jadawali su fito a takarda ko a fayil ɗin PDF. Wanda yake son layi ya fito, dole ne ya sa layin iyaka.

Abin da ya sa mutane da yawa suke shekara da shekaru suna aiki da Word ba tare da sun taɓa lura da layukan jagora ba shi ne yadda sabon jadawali yake zuwa. Da zarar an saka shi, manhajar tana ɗora masa salon da ta sa wa suna Table Grid, wanda duk da sunansa layukan iyaka ne na gaske, baƙaƙe, masu kaurin rabin pt a kowane gefe na kowane gurbi. Shi pt ma'aunin masu ɗab'i ne, guda 72 suke yin inci ɗaya. Waɗannan baƙaƙen layukan suna zaune ne daidai kan inda layukan jagora za su bayyana, suna rufe su. Shi ya sa wanda ya danna maɓallin kunna layukan jagora a sabon jadawali zai ga kamar babu abin da ya faru, har ya zaci maɓallin ba ya aiki. Layin jagora ba ya nuna kansa sai a gefen da aka cire wa layin iyaka.

Game da inda maɓallin yake, a Word 2003 da waɗanda suka gabace ta yana cikin jerin umarnin Table. Tun daga Word 2007, lokacin da kamfanin ya sauya fasalin saman manhajar, an mayar da shi sashen Layout na jadawali, wanda ba ya bayyana sai an danna cikin jadawalin, kuma a sababbin fitowa ana kiran sashen Table Layout. Sunan maɓallin View Gridlines, kuma akwai irinsa a can ƙasan jerin Borders. A nan akwai tarkon da ya kamata a sani: a sashen View akwai wani ɗan akwati mai suna Gridlines kawai, wanda ba shi da alaƙa da jadawali. Idan aka sa masa alama, shafin gaba ɗaya zai cika da ƙananan murabba'ai irin na takardar lissafi, waɗanda aka yi domin daidaita zane da hotuna. Su ma ba sa fitowa a bugu, amma suna rikita ido, kuma maganinsu shi ne a koma a cire alamar.

Wani tushen ruɗanin kuma sabo ne da Excel. A can, layukan da ke raba gurabe suna bayyana tun daga buɗe manhajar, kunna su ko kashe su yana bin kowane shafin aiki ana kuma adana shi cikin fayil, sannan a sashen Page Layout akwai akwatin da idan aka sa masa alama za su fito a takarda. Ma'aikacin kuɗi da ya saba da wannan yakan zo Word ya yi ta neman irin akwatin, alhali babu shi. Haka kuma wanda ya kwafo alƙaluma daga Excel ya liƙa a Word yakan yi mamakin ganin sun zo ba layi, domin layukan da yake gani a can na jagora ne, ba sa cikin abin da aka kwafa, sai fa idan da ma ya sa musu layukan iyaka ko kuwa wajen liƙawa ya zaɓi salon jadawalin Word.

Layukan iyaka su ne suke da zurfi, kuma su suka fi cancantar a tsaya a kansu. Word tana ba da kauri daga rubu'in pt har zuwa 6 pt, da zane iri-iri kamar layi guda da layi biyu da mai ɗigo-ɗigo da mai yanke-yanke, da kowane launi. Wannan na ƙarshe, mai yanke-yanke, idan aka ba shi launin toka ko shuɗi mai haske, yana iya kama da layin jagora har a kasa bambancewa da ido, sai dai shi zai fito a bugu. Ana iya sa layin iyaka a matakai uku: a salon jadawali, ko a kan jadawalin gaba ɗaya, ko a kan gurbi ɗaya, kuma abin da aka sa wa gurbi kai tsaye shi yake rinjayar na jadawali, na jadawali kuma ya rinjayi na salo. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci a sauya salon jadawali amma wasu layuka su ƙi tafiya, domin wani ya taɓa zana su da hannu a kan guraben. Akwai kuma batun gefen da gurabe biyu suke tarayya a kansa, inda ƙasan gurbin sama yake zama saman gurbin ƙasa. Idan aka cire na ɗaya layin bai tafi ba, sai a duba maƙwabcinsa. A tagar Borders and Shading kuwa, akwai wurin zaɓen abin da za a yi wa layin, ko rubutu ko sakin layi ko gurbi ko jadawali, kuma idan aka yi kuskure aka bar shi a kan sakin layi, za a sami wani ƙaramin akwati a cikin gurbin, wanda duk yadda aka cire iyakokin jadawalin ba zai gushe ba, tun da ba na jadawalin ba ne. Tun daga Word 2013 akwai alƙalamin Border Painter, wanda ake zaɓar kauri da launi sannan a bi gefen da ake so da shi, kuma shi ya fi sauƙi idan layuka kaɗan ne ake son gyarawa.

Idan aka zo maganar zaɓi, a ganina tambayar ba ta kunna wannan ko wancan ba ce. Layukan jagora ba su da wata illa ga takarda, don haka mai yawan aiki da jadawali gara ya kunna su sau ɗaya ya bar su. Abin da yake buƙatar tunani a kowace takarda shi ne layukan iyaka: a sa su duka, a cire su duka, ko a bar kaɗan. Amsar kuma tana wajen wanda zai karanta takardar da abin da zai yi da ita.

Wurin da ya fi dacewa a cire layukan iyaka gaba ɗaya a dogara ga na jagora shi ne inda aka ari jadawali domin tsara shafi kawai, ba domin jera alƙaluma ba. Kan wasiƙar makaranta ko ƙungiya, inda tambari yake hagu, suna da adireshi suke tsakiya, lambar waya take dama, da jadawali mai sahu ɗaya da ginshiƙi uku ake samun sa ya zauna daram. Haka wurin sa hannu a ƙarshen rahoton taro ko yarjejeniya, inda shugaba da sakatare za su sa hannu a jere. Da yawa suna yin wannan da danna maɓallin tazara da jan ƙaramin layin ƙasa sau barkatai, kuma da zarar an sauya girman harafi ko an buɗe takardar a wata kwamfutar sai komai ya watse. Hanyar da ta fi inganci ita ce jadawali mai ginshiƙi uku, na tsakiya a bar shi fanko domin tazara, a cire duk iyakoki, sannan a mayar da layin sama kawai ga guraben da sunayen suke ciki. Mai karatu zai ga layi biyu masu tsawo ɗaya da suna a ƙarƙashin kowanne, mai rubutu kuwa yana ganin dukan ginin ta layukan jagora. Takardun manna adireshi da Word take shiryawa a sashen Mailings su ma jadawali ne marar iyaka, kuma wanda bai kunna layukan jagora ba zai ga farin shafi kawai, bai san inda wannan adireshin zai tsaya wancan ya fara ba.

Sai dai cire layi yana ɗora wa tazara nauyin da layin yake ɗauka. Word tana barin kusan santimita 0.19 tsakanin rubutu da gefen gurbi ta hagu da dama, ba ta kuma barin komai ta sama da ƙasa. Wannan ya wadatar idan akwai baƙin layi a tsakani, amma idan babu shi, rubutun ginshiƙai biyu yakan matso har ido ya haɗe su. Saboda haka wanda ya cire iyakoki ya kamata ya shiga Cell Margins ya ƙara tazarar. A wani ɓangaren kuma, wannan 'yar tazarar ta hagu takan sa rubutun jadawali ya ɗan shige ciki fiye da sakin layin da ke samansa, abin da ba a lura da shi idan akwai layi amma yake fitowa fili idan babu, kuma mayar da ita sifili a ginshiƙin farko yana gyara shi.

Kishiyar wannan ita ce takardar da za a cike da biro. Fom ɗin neman shiga makaranta, rajistar halartar taro, takardar sakamakon jarrabawa da malami zai rubuta maki a ciki, rasit, katin kaya na sito, duk waɗannan suna buƙatar cikakkun layukan iyaka a kowane gefe, domin gurbin da babu rubutu a cikinsa ba shi da abin da zai nuna shi a takarda in ba layi ba. A nan ne kuskuren dogara ga layukan jagora ya fi tsada, domin mutum yakan kalli fuskar kwamfuta ya ga gurabe a tsare, ya buga kwafi masu yawa, sannan ya tarar da kanun ginshiƙai a sama da farin fili a ƙasa. Irin waɗannan takardun kuma yawanci hoto ake yi musu a injin kwafi, wani lokaci kwafin kwafi, kuma siririn layi mai launin toka shi ne farkon abin da yake ɓacewa, balle idan tawadar injin ta yi ƙasa. Baƙin layi mai kaurin kashi uku cikin huɗu na pt ko 1 pt ya fi jure wannan, kuma ana iya ba kewayen waje 1½ pt domin jadawalin ya fita sosai.

Tsakanin waɗannan biyun akwai jadawalin da za a karanta kawai, kamar na alƙaluman bincike a kundin digiri ko rahoton ofis, kuma a nan ne nake ganin an fi cika layi ba tare da dalili ba, don kawai haka Word ta kawo shi. Alƙaluman da aka jera da kyau a ginshiƙi, aka daidaita su ta dama ko a kan ɗigon goma, su da kansu suna yi wa ido hanya, layukan tsaye ba sa ƙara komai sai cunkoso. Salon APA, wato wani tsarin ƙa'idojin rubuta aikin bincike, wanda sassa da yawa na jami'o'i da kwalejojin ilimi a Nijeriya suke bi, ya tanadi a yi amfani da layukan kwance kaɗan, ɗaya a saman jadawali, ɗaya a ƙarƙashin kanun ginshiƙai, ɗaya a ƙarshe, da wani a saman jimilla idan akwai, ba tare da layukan tsaye ba. Ɗalibin da mai duba aikinsa ya ce ya bi wannan salon sai ya zaɓi jadawalin duka ya danna No Border, sannan ya mayar da waɗannan 'yan layukan ɗaya bayan ɗaya. A daidai wannan aikin ne amfanin haɗa iri biyun yake bayyana, domin baƙaƙen layuka uku suna nuna masa abin da zai fito, masu yanke-yanken kuma suna nuna masa guraben da zai ci gaba da cikewa. Idan jadawalin yana da faɗi sosai da sahu masu yawa har ido yana ɓacewa a tsakiya, siraran layukan kwance tsakanin sahu ko inuwa mai haske a kowane sahu na biyu sun fi dawo da cikakken keji.

Akwai dabaru biyu da ake yawan bi domin ɓoye layi waɗanda bai kamata a saba da su ba. Ta farko ita ce mayar da layin iyaka fari. Gaskiya ne firinta ba za ta fitar da komai a farar takarda ba, amma layin yana nan, yana rufe layin jagora ta yadda mai rubutu ya rasa alamar da zai bi, kuma ranar da aka yi wa guraben inuwa ko aka sauya launin shafi sai fararen layuka su bayyana. Farin layi yana da nasa wurin, wato raba gurabe masu launi da gangan, kuma a can yana da kyau ƙwarai. Ta biyu ta fi ɓarna, ita ce amfani da magogin da ake kira Eraser. Idan aka bi da shi kan layin da ke tsakanin gurabe biyu, ba zanen kawai yake gogewa ba, yana haɗe guraben ne su zama ɗaya, rubutunsu ya taru wuri guda. Layukan jagora su suke tona wannan: inda aka cire iyaka kawai, layi mai yanke-yanke zai maye gurbinta, inda aka haɗe gurabe kuwa babu abin da zai rage. Jadawalin da aka haɗe masa gurabe barkatai yakan ba da wahala wajen ƙara ginshiƙi, Word takan ƙi jera sahunsa bisa haruffa ko lamba, kuma manhajojin da suke karanta wa makafi rubutu da murya sukan rikice a cikinsa. Su waɗannan manhajojin da ma ginin jadawali suke bi, ba zanensa ba, don haka jadawali marar layi a wurinsu jadawali ne cikakke, abin da ya sa bai dace a cusa takarda gaba ɗaya cikin ɓoyayyun jadawalai ba.

Sauran manhajoji ba su yi daidai da Word a wannan batu ba. LibreOffice Writer, wadda kyauta ce kuma ta samo asali daga OpenOffice a 2010, tana da irin waɗannan layukan da ba sa fitowa a bugu, tana kiransu Table Boundaries, kuma ta fi Word da cewa ana iya sauya musu launi a saitin launukan manhajar. Google Docs kuwa ba ta da maɓallin View Gridlines. Sabon jadawali yana zuwa da baƙin layi mai 1 pt, kuma ana ɓoye shi ne ta mayar da kaurin sifili. Wanda yake aiki a can gara ya bar layukan har ya gama cike gurabe da daidaita faɗinsu, sannan ya cire su a ƙarshe.

Kafin a buga ko a aika, hanyar tabbatarwa guda ce kuma ba ta cin lokaci: a danna Ctrl da P a dubi hoton shafin da zai bayyana, domin a wurin babu layukan jagora, abin da aka gani shi firinta za ta fitar. Idan PDF za a aika, a buɗe shi a duba, tare da sanin cewa layuka masu rubu'i ko rabin pt sukan yi wasa da ido a fuskar kwamfuta ko waya, wani ya yi kauri wani ya ɓace, gwargwadon yadda aka zuƙo shafin. Wannan daga yadda ake zana siririn layi a kan ɗigogin fuskar na'urar yake, ba daga takardar ba, kuma idan aka ƙara zuƙowa zuwa kashi 200 ko 300 cikin ɗari za a ga layukan sun daidaita. Idan kuma takardar a waya za a fi karanta ta, ɗaga kaurin zuwa kashi uku cikin huɗu na pt yana rage matsalar sosai.